Kafin A Sayo Lasisi Da Dala, A Ɗauki Mai Kula Da Manhajar Kyauta

Duk wanda ya taɓa aikin wuta a arewa maso yammacin ƙasar nan ya san Birnin Kebbi mahaɗa ce. Babban layin da ya taso daga madatsar Kainji mai ƙarfin kilobolt 330 a nan yake sauka. A tashar TCN ta garin nan ake rage masa ƙarfi zuwa 132, a tura wani reshe Sakkwato, wani kuma ya ƙetare iyaka ya bi ta Dosso har Yamai. Lokacin da Najeriya ta yanke wa Nijar wuta a watan Agustan 2023, bayan sojoji sun kifar da gwamnatin Mohamed Bazoum, layin nan na cikin waɗanda aka kashe, ba a kuma maido da wutar ba sai Maris 2024. A Satumban 2023 gobara ta tashi a tashar, ta lashe manyan taransifoma biyu, mutanen Kebbi da Sakkwato da wani yanki na Zamfara suka shiga duhu tare. Sabon layin 330 da ƙasashen Afirka ta Yamma ke shimfiɗawa zuwa Nijar da Benin da Burkina Faso, shi ma daga nan ya ɗauko.

Garin da ke zaune a kan irin wannan mahaɗa, ya kamata a ce yaransa sun fi na ko'ina iya lissafin wuta. Makarantun kam muna da su. Ga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Waziri Umaru da ke yaye masu aikin lantarki tun zamanin tsohuwar jihar Sakkwato, ga jami'ar Aliero da aka kafa a 2006. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya ba na Kebbi ba ne kaɗai, na ƙasar ne baki ɗaya. Ka buɗe kwamfutar ɗalibin injiniya, daga Sakkwato har Fatakwal, za ka tarar da MATLAB ko ETAP ko AutoCAD ko Proteus, kuma mafi yawansu na bayan fage ne, waɗanda aka ɓalle wa makulli, kirak a bakin yaran. Manya sun sani, kowa ya kawar da kai, domin lasisin gaske da dala ake sayensa, dalar da take wajen naira 460 a Mayun 2023 ta haura 1,500 a farkon 2024. Ni ban ga laifin yaro ba. Wanda na abincin rana ke masa wuya, ba shi za a tambaya ina lasisi ba.

Ra'ayina shi ne makarantunmu da ma'aikatunmu su koma ga manhajojin da masu su suka sake wa duniya kyauta, suka kuma bar cikinsu a buɗe, kowa na iya karanta yadda aka rubuta su, ya gyara, ya raba. Wannan rabin maganar ce, kuma shi ne rabi mai sauƙi, kowa zai gyaɗa kai. Rabi mai wuya shi ne wa zai ɗora su a kan kwamfutocin, wa zai zauna da su idan sun ƙi tashi, wa zai biya shi. In ba a amsa wannan ba, gara ma kada a fara.

Ni mai aikin wuta ne. Ina haɗa wayoyin gidaje da injinan casar shinkafa da sola tsakanin Birnin Kebbi da Argungu, makarantu kuma kan turo mini yara su koyi aikin hannu a shagona. Saboda haka bari in nuna wa mai karatu irin lissafin da nake nufi, kada ya ɗauka maganar 'yan boko ce da ba ta shafi tukunyarsa ba.

Tun da aka ƙaddamar da shirin bashin manoma na Anchor Borrowers a Birnin Kebbi a Nuwamban 2015, aka kuma buɗe kamfanin shinkafa na WACOT a Argungu a 2017, fadamar gulbin nan ta cika da injina. Da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayun 2023, masu noman rani da yawa suka jingine injin mai suka koma famfon sola ko na lantarki. Kowane famfo mota ce, kowace mota kuma tana da ƙarfin wutar da take so, in ba ta samu ba ta ƙone.

Wani dattijo mai lambu a bakin garin Argungu ya kira ni kan famfon rijiyarsa. Na same shi ya ajiye shi a kan buhu, warin ƙonannen kwayil na tashi.

"Injiniya, wanga injin kullum yana wurin mai naɗi. Ko jabu aka sayar min?"

"Baba, bari mu ga wayar tukuna."

Daga gidansa ya jawo wuta zuwa lambun, tafiyar mita 200, da wayar nan mai kauri 2.5 da ake sa wa soket a ɗaki. Wuta tana tafiya ta dawo, ke nan mita 400. Wayar tagulla mai wannan kauri da wannan tsawo tana da turjiyar om 2.8. Famfon na jan amfiya 10. Ka ninka su, bolt 28 sun zube a hanya kafin su kai rijiya. Wutar da ke isowa gidan ma, maimakon 230, ba ta cika 200 ba. Sannan a lokacin tashi mota takan ja ninki biyar ko shida na abin da take ja a tafiya, sai ƙarfin ya faɗi warwas, ta tsaya tana gurnani, kwayil na ɗaukar zafi. Na kankare bakin wayar da wuƙa, sai ga fari ya fito a ƙarƙashin jan. Alminiyom ce aka yi wa rufin tagulla, turjiyarta ta fi ta tagulla da kusan rabi, ke nan asarar ta haura bolt 40. Da ya sa tagullar gaske mai kauri 6, abin da zai zube bai wuce 12 ba. Dattijon ya yi shiru yana kallon farin nan, can ya ce, "To kuɗin naɗin da na kashe ai sun isa su sayi wayar."

Wannan a bayan kwali na yi shi da biro, kuma duk wanda ya ce shi ma'aikacin wuta ne ya wajaba ya iya shi ba tare da kwamfuta ba. Amma ka ɗauki ƙauye guda da za a yi wa ƙaramar tashar sola: gidaje ɗari biyu, injin niƙa uku, asibiti mai firjin allura, layi uku da ba a raba musu kaya daidai ba, batir da zai riƙe dare. Ko ka ɗauki layin unguwa mai taransifoma ashirin, mai injin casa ya zo yana neman a ƙara masa mota mai kilowat 55 a can ƙarshen layi, ana so a san me zai sami gidajen da ke bayansa idan ya danna maɓalli. A nan biro ya gaza. Lissafin ya zama ɗaruruwan ma'auni da suka sarƙe da juna, sai an yi ta maimaitawa har su daidaita. Aikin kwamfuta ke nan.

Kuma kayan yin sa suna nan kyauta, ba na wasa ba. GNU Octave, wanda John Eaton ya fitar da cikakken zubinsa na farko a 1994, yana karɓar yawancin abin da ake rubutawa don MATLAB, har darussan da malamai suka riga suka shirya. A kansa ana iya tafiyar da MATPOWER na jami'ar Cornell, wanda masu bincike ke lissafin manyan layuka da shi tun wajen 1997. Scilab ya fito daga cibiyar bincike ta INRIA a Faransa. Ga layukan rabon wuta na unguwa akwai OpenDSS, wanda cibiyar EPRI ta Amurka ta buɗe wa kowa a 2008, da pandapower na jami'ar Kassel da cibiyar Fraunhofer a Jamus, wanda ke lissafin gudanar wuta da na haɗuwar waya bisa ƙa'idar IEC 60909. Mai zanen allon kayan lantarki yana da KiCad, da Jean-Pierre Charras ya fara a 1992, daga baya cibiyar CERN ta sa hannu wajen raya shi, a cikinsa kuma akwai ngspice, jikan SPICE ɗin da aka rubuta a Berkeley a 1973. Mai sola yana da pvlib da SAM. Akwai ma PyPSA-Earth, da masu shi suka gwada a kan tsarin wutar Afirka, suka ɗauki Najeriya misali, a binciken da suka buga a 2023. Wato wasu a can sun riga sun zana wutar ƙasarmu a manhajar da ba a biyan ko sisi, mu a nan muna neman kirak.

To me ya sa ba a amfani da su? Masu saurin hukunci za su ce lalaci ne ko jahilci. Ba su taɓa zama da yaro da tsohuwar kwamfutarsa ranar Asabar ba.

Ga yadda abin yake. Yaron ya zo da kwamfutar cinya ta hannu, wadda yayansa ya gama da ita, tana ɗauke da Windows 7. Za a sa pandapower, shi kuwa a kan Python yake tafiya. Python na 3.9 zuwa sama ba ya hawa Windows 7, sai a nemo 3.8. An same shi. Yanzu sai a buga umarnin da zai jawo pandapower daga intanet, shi kuma ya jawo abokan tafiyarsa, numpy da scipy da pandas, kowanne da nauyinsa, a kan datar wayar yaron. Ana tsaka da saukewa sabis ya ɗauke. A sake. Ya kusa ƙarewa batir ya mutu, domin tun safe ba wuta. Washegari an gama, an buga layin farko, allo ya cika da jan rubutu.

"Maigida, ya ƙi. Ga wani jan abu ya fito."

"Karanta mini layin ƙarshe."

"Turanci ne, amma ban gane komi ba."

Abin da layin ke faɗa shi ne zubin ɗaya daga cikin abokan tafiyar bai dace da zubin ɗan'uwansa ba. Gyaran minti biyar ne ga wanda ya taɓa gani. Ga wanda bai taɓa ba, ƙarshen tafiya ke nan. Yaron zai rufe kwamfuta, ya je shagon masu ɗora manhaja, ya biya 'yan canji a sa masa kirak, wanda shi dannawa uku ne ya tashi, ko da ya zo da ƙwayar cutar da za ta cinye masa furojet mako guda kafin ya kare shi a gaban malamai. Na ga yaron da haka ta same shi, babban saurayi yana share hawaye da hannun riga. Mai kirak ya yi nasara ne domin shi yana da shago, yana da kujera, ana samunsa. Manhajar kyauta ba ta da kowa a garin.

Wannan na ɗorawa ne kawai. Bayansa akwai wanda ya fi haɗari, domin shi ba ya fitar da jan rubutu. OpenDSS a Amurka aka haife shi, don haka in ba ka faɗa masa ba, zai ɗauka wutarka mai bugu 60 ce a daƙiƙa, irin tasu, alhali tamu 50 ce. Layi guda ake rubutawa a gyara. In an manta, wani ɓangare na turjiyar layukan zai ƙaru da kashi 20 cikin ɗari, manhajar kuma ta ba ka amsa tsaf, da lambobi masu kyan gani, ba ƙorafi. Misalan da ke zuwa da shi na layukan Amurka ne masu kilobolt 4.16 da makamantansu, mu kuwa 33 da 11 muke da su, sai 415 zuwa gidaje. Jerin wayoyin da pandapower ya zo da su yawanci na Jamus ne, kebul ɗin ƙarƙashin ƙasa da layin kilobolt 20. Namu alminiyom ne tsirara a kan fal-waya, mai kauri 50 ko 70 ko 100, da taransifoma masu kVA 200 da 300 da 500. Dole wani ya zauna ya shigar da namu sau ɗaya, ya tantance su, ya adana don na baya.

Sai zafi. Teburorin da ake duba ƙarfin waya a littattafan da muke amfani da su, an gina su ne a kan zafin digiri 30. A watan Afrilu a Birnin Kebbi, inuwa ma takan wuce 40, balle cikin silin ƙarƙashin kwano. A digiri 45 wayar da aka lulluɓe da roba irin ta gidaje kashi 79 cikin ɗari kawai take iya ɗauka na abin da tebur ya ce. Farantin sola kuma, ƙarfin da aka rubuta a bayansa na digiri 25 ne. Duk digiri ɗaya da ya hau yana rage wajen kashi 0.4 cikin ɗari, farantin da ke rana tsaka a fadama kuwa yakan kai 65. Kashi 16 sun tafi tun kafin a yi maganar ƙurar hunturu. Ko wace manhaja, ta kuɗi ko ta kyauta, tana da wurin shigar da waɗannan. Bambancin shi ne a buɗaɗɗiya ɗalibi na iya bin lissafin layi-layi ya ga inda zafin ya shiga, malami kuma na iya shirya zubin da ya riga ya san yanayin Kebbi ya raba wa aji ba tare da neman izinin kowa ba.

Duk wannan aikin mutum ne. Mun san labarin famfunan tuƙa-tuƙa da aka yi ta haƙa wa ƙauyuka, a yanka kyalle, a ɗauki hoto, bayan shekara wata 'yar roba ta ɗari biyar ta tsinke, famfon ya zama wurin ɗaure awaki domin ba wanda aka ɗora wa nauyinsa. Haka ɗakunan kwamfuta da dama suka ƙare a ƙasar nan. Dalilin kuwa ba ɓoyayye ba ne: sayen kaya kwangila ne, yana da takarda da biki da abin da ke biyo baya, albashin mai kula kuwa ba ya da hoto. Manhajar kyauta ta fi kowa shan wahalar wannan hali, domin ba ta da dillalin da zai bi ofis-ofis yana tallarta.

A duba Indiya. A 2009 gwamnatinsu ta ɗauki nauyin wani shiri mai suna FOSSEE a cibiyar fasaha ta IIT Bombay. Ba su tsaya ga cewa a bar MATLAB a koma Scilab ba. Sun biya ɗalibai su ɗauki littattafan karatun injiniya ɗaya bayan ɗaya, su rubuta lissafin misalan da ke ciki da manhajar kyauta, a ajiye wa kowa. Sun yi gajerun darussan bidiyo na kimanin minti goma, suka juya su zuwa harsunan ƙasar, suka tsara su yadda za a sauke a kalla ba intanet. Sun taimaka wa kwalejoji su sauya darussan ɗakin gwajinsu. Kuɗin ya tafi ne ga mutane. A ɗaya gefen kuma ga birnin Munik na Jamus, wanda ya mayar da dubban kwamfutocin ma'aikatansa kan Linux, aka yi ta yaba masa, sannan a 2017 majalisar birnin ta kaɗa ƙuri'ar komawa Windows. Siyasa ta taka rawa, amma ƙorafin ma'aikata kan rashin tsari da jinkirin gyara shi ya ba masu son komawa abin riƙewa. In birni mai arzikin Munik ya yi tuntuɓe a nan, mu kada mu ɗauka sanarwa a takarda za ta wadatar. Banza ba ta kai zomo kasuwa.

Abokaina injiniyoyi suna da hujjoji a kaina, kuma ba na banza ba ne. Suna cewa manyan kamfanonin wuta da na mai ETAP ko PowerFactory ko PSS/E suke tambaya a wurin ɗaukar aiki, ba wanda zai ce ka iya pandapower. Gaskiya ne. Suna cewa wajen daidaita na'urorin kariya, manhajojin kuɗi sun zo da bayanan dubban na'urori na kamfanoni daban-daban, abin da na kyauta ba su kama ƙafarsa ba. Wannan ma gaskiya ne, kuma in aka ba ni aikin tsara kariyar babbar masana'anta, ta kuɗi zan nema. Saboda haka ban ce makaranta ta haramta su ba. Ta sayi 'yan lasisi na halal gwargwadon ƙarfinta, 'yan ajin ƙarshe su saba da su. Amma hanyar Newton da Raphson da ake warware gudanar wuta da ita ɗaya ce a ko'ina. Yaron da ya gina layi da hannunsa, ya ga inda lissafi ya ƙi daidaita ya gano dalili, zai koyi maɓallan ETAP cikin ɗan lokaci. Wanda maɓallan kawai ya sani, ranar da amsa ta fito a karkace ba zai ma lura ba.

Wani kuma yakan ce, in manhajar kyauta ta yi kuskure gini ya kama wuta, wa za a kama? Wanda za a kama ko da ta kuɗi ce: injiniyan da ya buga hatimin hukumar injiniyoyi ta COREN ya sa hannu. Ka karanta dogon sharaɗin nan da muke danna wa amincewa ba mu duba ba, za ka ga masu sayarwar ma sun zare hannunsu. Wanda ke cikin haɗari na gaske shi ne mai kirak, domin bai san abin da aka taɓa a cikinta ba, ba ya samun gyaran kurakuran da kamfani ke fitarwa, kuma in mai ba da aiki ya nemi lambar lasisi sai ido ya raina fata.

Akwai kuma abin da ba a cika tunawa ba. A Yunin 2020 aka wayi gari an dakatar da lasisin MATLAB na jami'ar fasaha ta Harbin a ƙasar Sin, saboda gwamnatin Amurka ta sa ta a jerin waɗanda aka yi wa takunkumi. Sun biya kuɗinsu, aka rufe. Mu da muka ga yadda sa hannu ɗaya ya kashe wa maƙwabtanmu wuta wata bakwai, bai kamata a yi mana dogon bayani kan abin da maɓallinsa ke hannun wani ba.

Abin da nake roƙo ƙarami ne. Kowane sashen lantarki ya ware mutum guda, ƙwararren ma'aikacin ɗakin gwaji, a rubuta a takardar aikinsa cewa wannan ne aikinsa, ba ƙari a kan wani ba, a kuma biya shi alawus ɗin da zai hana shi gudu Abuja. Shi zai sauke komai sau ɗaya a inda sabis ke da ƙarfi, ya haɗa zubin da suka dace da juna a falas, ya yi na sababbin kwamfutoci daban, na tsofaffi daban, ya kulle zubin har ƙarshen zangon karatu don kada na ɗalibi ya saɓa da na malami. Tsofaffin kwamfutocin da Windows 10 ta bari a baya tun Oktoban 2025, ya ɗora musu Linux mara nauyi su ci gaba da aiki. Ya ajiye lissafin gwaji wanda an san amsarsa da biro, duk kwamfutar da aka ɗora wa manhaja sai ta ci wannan jarrabawa kafin a sallame ta. Ya riƙe littafin da ake rubuta kowane jan rubutu da maganinsa, da Hausa da Turanci, don in ya tafi ilimin kada ya bi shi. TETFund da ke gina ɗakuna ta yarda a kashe wani kaso kan wannan, hukumar NBTE kuma ta rubuta manhajar karatu da sunan lissafin da ake so yaro ya iya, ba da sunan kamfani ba.

Ƙofarsa kuma kada ta tsaya ga ɗalibai. Masu haɗa sola da masu wayarin da ke cike da kasuwanninmu, waɗanda yawancinsu a hannu suka koya, su ne ke taɓa gidajen mutane kullum. Ba za su rubuta Python ba, ba a kuma buƙatar su rubuta. Ɗalibi ɗaya mai ƙwazo zai iya gina musu 'yar manhajar waya da Hausa: sa nisa, sa amfiya, sa zafin wurin, ta faɗa maka kaurin waya. Furojet ne da ya fi a sake kwafo injin gyara wuta da aka yi shekara goma ana kwafowa. Bidiyon koyarwa da Hausa kuwa, in an yi shi a Birnin Kebbi, zai yi aiki har Dosso da Maraɗi.

Saura magana ɗaya, wadda ta fi ƙarfin makaranta ita kaɗai. Manhaja ba ta da amfani in ba bayanan layi. Dokar wutar lantarki ta 2023 ta ba jihohi damar tsara kasuwar wutarsu. Jihar da ke son amfani da wannan dama sai ta san tsawon layukanta, kaurin wayoyinsu, da nauyin da ke kan kowace taransifoma, in ba haka ba duk wanda ya zo da jaka da rahoto mai sheƙi shi za a saurara. Kamfanin Kaduna Electric, mai raba wuta a Kaduna da Kebbi da Sakkwato da Zamfara, shi ke riƙe da layukan, kuma shi zai fi kowa cin ribar a san su. A zauna da shi a yi yarjejeniya. 'Yan ajin ƙarshe su ɗauki layi guda, na Badariya ko Gesse ko Rafin Atiku, su bi shi da ƙafa suna ɗaukar matsayin kowace fal-waya da wayar salula, su kwafi abin da ke rubuce a jikin kowace taransifoma, ma'aikatan kamfanin kuma su auna musu amfiyar kowane layi da ƙarfe takwas na dare a watan zafi, lokacin da kowace fanka ke juyawa. Yara ba za su hau ko taɓa komai ba, nasu rubutu ne. A zuba taswirar a QGIS, manhajar taswira ta kyauta, lissafin a pandapower, a gwada abin da kwamfuta ta ce da abin da mita ta nuna a gidan ƙarshen layi. Ajin baɗi su ɗora daga inda aka tsaya, su nufi layin da ke kai wa Argungu wuta, inda injinan casa ke da yawa.